Tafiyar Watanni a Ƙasashen Balkan da Ƙaramin Guzuri: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo sun karkata ne ga batu guda, wato doguwar tafiya ta watanni a kudu maso gabashin Turai, yankin da ake kira Balkan, ga mutumin da ba shi da kuɗin manyan otal, sai jakar goyo da ɗan guzurin da ya tara. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili. Kamar yadda muka saba, ba ma buga sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai sana'ar gyaran kwamfuta a Kano, na daɗe ina tara kuɗi domin in zaga ƙasashen Balkan na tsawon wata huɗu ko biyar. Na ji Turawa suna cewa yankin yana da arha, kuma mutum yana tsallaka iyaka yadda ya ga dama. Da fasfon Najeriya, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a sana'arka da abin da ka tara. Turawan nan gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar fasfonsu ce, domin Bajamushe ko Bafaranshe yana ratsa iyakokin yankin ba tare da ya nemi biza ba, kai kuwa da fasfon Najeriya sai ka nemi izini kafin a buɗe maka ƙofa. Saboda haka daga takardu tafiyarka za ta fara, kuma irin bizar da ka samu ita ce za ta yanke maka tsawon tafiyar da hanyar da za ka bi.

Yankin ya kasu gida biyu. Kashi na farko shi ne ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Shengen, wadda ta haɗa ƙasashen Turai da dama a kan biza ɗaya ta kuma cire binciken iyaka a tsakaninsu, wato Girka da Kuroshiya da Bulgariya da Romaniya. Kuroshiya ta shiga a ranar 1 ga Janairu 2023, Bulgariya da Romaniya kuma sun kammala shigarsu a ranar 1 ga Janairu 2025. A waɗannan ƙasashe baƙo yana da kwana 90 ne kawai a cikin kowane kwana 180, kuma lissafin haɗe yake, kwanan da ka yi a Girka ana cire shi daga abin da ya rage maka a Romaniya. Tun daga 12 ga Oktoba 2025 aka fara amfani da sabon tsarin da ke ɗaukar hoton yatsu da na fuska a kan iyaka, wanda ke ƙirga kwanakin baƙo a kwamfuta, don haka wanda ya zarce wa'adinsa ko da kwana ɗaya ne ba zai ɓuya ba.

Kashi na biyu shi ne ƙasashe shida da ke wajen Shengen: Albaniya, Bosniya, Sabiya, Montenegro, Masedoniya ta Arewa da Kosobo. A nan ne damar mai doguwar tafiya take, domin kwanakin da ka yi a cikinsu ba sa shiga lissafin kwana 90 ɗin nan, kuma dukkansu suna karɓar wanda ke riƙe da bizar Shengen mai ba da damar shiga sau da yawa, matuƙar wa'adinta bai ƙare ba. Sabiya da Albaniya suna ba irin wannan baƙo har kwana 90, Bosniya da Montenegro kwana 30, Masedoniya ta Arewa da Kosobo kuma kwana 15. Albaniya tana da ƙarin sharaɗi, cewa sai ka riga ka yi amfani da bizar ka shiga wata ƙasar Shengen tukuna. Gwamnatoci suna sauya waɗannan ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci, don haka ka duba shafin ma'aikatar harkokin wajen kowace ƙasa kafin ka tashi, ka buga bayanin a takarda ka riƙe, saboda jami'in da ke ƙaramar iyaka ta cikin duwatsu ba kullum yake ganin fasfon Najeriya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda ya nemi bizar Shengen karo na farko sau da yawa ana ba shi ta shiga sau ɗaya ne, ko kuma wadda aka auna ta daidai da kwanakin da ya rubuta. Irin wannan ba za ta ɗauki nauyin tafiyar wata biyar ba. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka rubuta tsarin tafiyarka na gaskiya, wanda ya nuna za ka shiga ta Girka, ka fita zuwa Albaniya da maƙwabtanta, ka sake shiga ta Bulgariya, sannan ka nemi mai shiga sau da yawa a fili, ka bayyana dalili. Ana miƙa takardu ne ga ƙasar Shengen da za ka fi daɗewa a cikinta, kuma ba a karɓa kafin wata shida da ranar tafiya. Kuɗin bizar yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, ba a mayar da shi idan an hana ka, kuma dole ka nuna inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000. Ka nisanci dillalan da ke alƙawarin shirya maka bayanan asusun banki na bogi, domin idan aka gano, ba wannan tafiyar kaɗai ka rasa ba, har waɗanda ke gaba. Idan kuwa aka ba ka ta shiga sau ɗaya, kada ka ɗauka komai ya lalace. Girka da Bulgariya da Romaniya suna jere ne a manne da juna, za ka iya ratsa su a ƙasa ba tare da ka fita daga Shengen ba, sannan Albaniya tana ba da bizarta ta intanet, Sabiya kuma tana da ofishin jakadanci a Abuja.

Tambaya: Malam, nawa ya kamata mutum ya tanada a kowace rana, kuma da wane kuɗi ake ciniki a can? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, idan aka cire tikitin jirgin sama da biza da inshora, ina ba da shawarar ka gina lissafinka a kan yuro 30 zuwa 40 a rana, ka kuma ware kuɗin wata guda a gefe wanda ba za ka taɓa ba sai ta ɓaci. Wannan zai ishe ka a Albaniya da Bosniya da Sabiya da Masedoniya da Kosobo da Bulgariya idan kana kwana a masaukin haɗaka, inda ake jera gadaje da yawa a ɗaki ɗaya kowa ya biya kuɗin gadonsa. Ba zai ishe ka a gaɓar tekun Kuroshiya ko tsibiran Girka ko garin Kotor na Montenegro a watannin Yuli da Agusta ba, lokacin da Turawan arewa suke kwararowa shan rana, farashin gado ya ninka.

Abin da ya fi cinye kuɗin matafiyi shi ne gaggawa. Wanda ke sauya gari kowane kwana biyu yana biyan kuɗin mota ba ƙaƙƙautawa, yana cin abincin sayarwa saboda bai san kasuwa ba, kuma kullum farashin baƙo yake biya. Wanda ya zauna mako biyu a gari ɗaya zai iya neman ragi wajen mai masauki, zai gano kasuwar kayan miya ya riƙa girki a kicin ɗin masauki, zai kuma san gidan burodin da mutanen unguwa ke saye. A ganina gari goma da aka zauna a cikinsu sun fi gari talatin da aka ratsa a guje, ko ta fuskar aljihu ko ta fuskar abin da mutum zai koya. Akwai kuma abubuwan da ba a biyan ko sisi: motocin haya na gwamnati a Belgrade, babban birnin Sabiya, kyauta ne tun 1 ga Janairu 2025, ruwan famfo a Sarajevo, babban birnin Bosniya, ana shan sa, a Sofiya, babban birnin Bulgariya, kuma akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi kusa da masallacin Banya Bashi inda mutanen gari ke cika gorunansu.

Game da kuɗi, yuro ake kashewa a Girka da Kuroshiya da Montenegro da Kosobo, Bulgariya ma ta koma yuro a farkon 2026. Albaniya tana da lek, Sabiya dinar, Masedoniya denar, Romaniya leu, Bosniya kuma mak, wanda aka ɗaure darajarsa da yuro, kusan mak biyu a yuro ɗaya. Ka kashe ko ka canza abin da ya rage maka kafin ka bar kowace ƙasa, domin lek da dinar da denar suna da wuyar canzawa a waje. A Albaniya ka yi hattara da abu guda: mutane da yawa har yanzu suna faɗin farashi da tsohon lissafi, wanda ya ninka na yanzu sau goma, sai mai shago ya ce dubu alhali ɗari yake nufi, don haka ka roƙe shi ya rubuta maka. Kada ka dogara da katin naira kaɗai, saboda bankunan gida suna sa iyaka a kan abin da za a kashe a waje kuma suna sauya ta. Ka tafi da kati biyu na asusun kuɗin waje da ɗan tsabar yuro a wurare daban-daban a jikinka da jakarka. Layin waya kuwa, ƙasashe shidan nan da ke wajen Shengen sun soke ƙarin kuɗin amfani da layin wata ƙasa a tsakaninsu tun 1 ga Yuli 2021, don haka layin da ka saya a Tirana ta Albaniya zai yi maka aiki a Sarajevo da Skopje ta Masedoniya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan Damagaram, ina karatu a Faransa kuma ina da takardar izinin zama. Ina so in yi dogon hutu a Balkan. Shin in sayi tikitin jirgin ƙasa na bai ɗaya da ɗalibai ke saye, kuma wace hanya ta fi?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Takardar zamanka ta sauƙaƙa maka rabin wahalar, domin ƙasashen da ke karɓar bizar Shengen suna karɓar izinin zama ma. Amma tikitin bai ɗaya ba zai amfane ka a nan ba, saboda bas ce sarauniyar hanya a Balkan. Layukan dogo da yawa da suka haɗa ƙasashen sun tsaya, a Albaniya kuwa jirgin ƙasa kusan babu shi. Abin da ke ɗaukar mutane a can, bayan manyan bas, shi ne ƙananan motocin da suke kira furgon, waɗanda tamkar motocin tasharmu suke, sau da yawa sai sun cika suke tashi, kuma hannu da hannu ake biyan direba. A tashoshin Belgrade da Sarajevo da Podgorica ta Montenegro ana karɓar ɗan kuɗin shiga wurin hawa mota, direbobi da yawa kuma suna karɓar kimanin yuro ɗaya a kan jakar da aka sa a but, don haka kada aljihunka ya rabu da canji.

Akwai tafiye-tafiyen jirgin ƙasa uku da suka cancanci a yi su. Na farko shi ne layin Belgrade zuwa Bar a gaɓar tekun Montenegro, wanda aka buɗe a 1976, mai tsawon kilomita 476, yana ratsa ramukan dutse 254 da gadoji 435, ciki har da gadar Mala Rijeka da ke kusan mita 200 sama da ƙoramar da ke ƙarƙashinta. Na biyu shi ne Sarajevo zuwa Mostar a kudancin Bosniya, tafiyar kimanin awa biyu da ke bin kogin Neretva. Na uku shi ne jirgin dare tsakanin Sofiya da Santambul, wanda ke rage maka kuɗin kwana ɗaya.

Hanyar da na fi so ita ce a shiga ta arewacin Girka, a hau kudancin Albaniya ta Gjirokaster da Berat zuwa Tirana da Shkoder. Daga Shkoder mai ƙarfin ƙafa zai iya hawa jirgin ruwan tafkin Koman, ya kwana a Valbona, ya ƙetare dutse da ƙafa zuwa ƙauyen Theth a yini guda. Daga nan sai Montenegro, sai Mostar da Sarajevo, sai Belgrade, a gangaro ta Nis zuwa Skopje da tafkin Ohrid, a ƙare a Sofiya da Plovdiv.

Ka kula da batun Kosobo sosai. Ta ayyana 'yancinta a ranar 17 ga Fabrairu 2008, Sabiya kuwa har yau tana ɗaukar ta a matsayin lardinta. Idan ka shiga Kosobo daga Albaniya ko Masedoniya, sannan ka nufi iyakar Sabiya kai tsaye, za a mayar da kai, domin a wajensu ka shigo ƙasarsu ne ta ƙofar da ba su amince da ita ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka je Pristina da Prizren, biranen Kosobo, daga Skopje, ka koma ta inda ka fito. Sannan Sabiya da Montenegro suna buƙatar a yi wa baƙo rajista cikin awa 24 da isowarsa. Masauki mai lasisi shi ke yin wannan, amma ka nemi shaidar ka adana, idan kuma a gidan aboki ka sauka, ku je ku yi da kanku. Ka koyi karanta haruffan Sirilik, irin na Rashanci, kafin ka tashi, saboda da su ake rubuta sunayen garuruwa a jikin motoci a Bulgariya da Masedoniya da Sabiya. A Bulgariya kuma mutum yakan kaɗa kai gefe da gefe yana nufin ya yarda, don haka ka nemi amsa da baki kafin ka hau mota.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Kaduna, ni da maigidana muke shirin wannan tafiya. Damuwata ita ce abincin halal da wurin salla, da kuma yadda za a kalli mace mai hijabi.

Amsa: Malama, Allah ya kai ku lafiya. A duk Turai babu yankin da zai fi muku sauƙi ta wannan fuska, domin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta mulki mafi yawansa na tsawon ƙarni huɗu zuwa biyar, kuma Musulmin can 'yan ƙasa ne, kaka da kakanni. Su ne mafi rinjaye a Kosobo, kimanin rabin jama'a ne a Bosniya, suna da yawa ƙwarai a Albaniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne a Masedoniya ta Arewa. A Sarajevo da Prizren da Tetovo ta Masedoniya da tsohuwar kasuwar Skopje, da Novi Pazar a kudancin Sabiya, za ku ji kiran salla a fili, kuma hijabi ba zai sa kowa ya waiga ba. A Skopje akwai masallacin Mustafa Fasha na 1492, a Prizren akwai na Sinan Fasha na 1615, a Tetovo kuma akwai wanda aka ƙawata bangonsa ciki da waje da zane mai launi. A Belgrade masallaci ɗaya ne ya rage daga zamanin Turkawa, wato Bajrakli, a Sofiya ma Banya Bashi ne kaɗai ake salla a cikinsa, don haka a waɗannan birane ku nemi masauki kusa da su. Mazhabar Hanafiyya suke bi, za ku ga 'yan bambance-bambance da abin da kuka saba, kamar zaman tasbihi tare bayan sallama, kuma babu abin da zai hana ku bin limaminsu.

Albaniya tana buƙatar ƙarin bayani. Gwamnatin Enver Hoxha ta haramta addini baki ɗaya a 1967, ta rufe masallatai da majami'u, kuma sai a farkon 1991 jama'a suka sake shiga masallacin Et'hem Bey da ke tsakiyar Tirana suka yi salla. Wannan tarihi ya bar tabo, domin za ku haɗu da mai sunan Musulmi da ke sayar da giya da naman alade, ba ya ganin komai a ciki. Saboda haka a can sunan mai shago ba hujja ba ne, sai an tambaya.

Abincin mai ƙaramin guzuri a yankin shi ne burek, wato fulawa mai falle-falle da ake cusa wa nama ko cuku ko alayyafo a gasa, da cevapi, niƙaƙƙen nama da ake mulmulawa a gasa a kan gawayi a ci da gurasa da albasa. A unguwannin Musulmi na Bosniya naman shanu da na rago ake yin su da shi. A Sabiya da Bulgariya da Kuroshiya da Romaniya kuwa ana yawan haɗawa da alade, kuma a Sabiya ko burek ɗin cuku ne akan yi shi da kitsen alade, wanda shi ne abin da baƙi suka fi mantawa. Ku rubuta waɗannan kalmomi a waya: svinjetina a Sabiya da Bosniya da Kuroshiya, svinsko a Bulgariya da Masedoniya, mish derri a Albaniya, porc a Romaniya, dukkansu naman alade suke nufi. Inda kuka yi shakka, wake da kifi da ƙwai da kayan lambu suna da arha a ko'ina. A ƙauyuka ana tarbar baƙo da wata barasa mai ƙarfi da ake kira rakiya, a ƙaramin kofi, wani lokaci fara tas kamar ruwa. Ku dafa ƙirji ku yi godiya ku nemi gahawa, ba wanda zai ji haushi. Batun kwana kuma, ɗakunan haɗaka galibi maza da mata ne a haɗe, amma ku da kuke biyu, kuɗin ƙaramin ɗaki na kanku a gidan wasu iyali bai cika wuce kuɗin gado biyu da yawa ba.

Tambaya: Ni dattijo ne da ya yi ritaya a Katsina. Muna sauraron labarin yaƙin Bosniya a rediyo a wancan lokaci, muna yi musu addu'a a masallatai. Ina so ɗana ya raka ni mu yi wata guda a can. Me ya kamata mu gani?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya kuma cika wannan buri. Ku yi masauki a Sarajevo kusa da tsohuwar kasuwar Bascarsija, inda masallacin Gazi Husrev Beg yake tun 1531, da ɗakin karatunsa da aka kafa a 1537, wanda ke riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da Turkanci da Farisanci. Hasumiyar agogon da ke gefen masallacin tana nuna ƙarfe 12 ne a daidai faɗuwar rana, kuma akwai ma'aikacin da ke hawa yana daidaita ta da hannu. Idan tafiyar ta dace da azumi, ana harba igwa daga ganuwar da ke saman gari domin sanar da buɗa baki.

Birnin nan ya yi kwana 1,425 a kewaye, daga Afrilu 1992 zuwa Fabrairu 1996, ana yi masa ruwan wuta daga duwatsun da suka zagaye shi, kuma fiye da mutum 11,000 suka rasu. Ku je ku ga ramin da mazauna suka haƙa a 1993 a ƙarƙashin filin jirgin sama, mai tsawon kimanin mita 800, wanda ta cikinsa abinci da magani suke shiga. Ku ware yini guda domin Srebrenica, inda sojojin Sabiyawan Bosniya suka kashe maza da samari Musulmi fiye da 8,000 a watan Yuli na 1995, a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yana ƙarƙashin kariyarta. Kotun Duniya ta tabbatar a 2007 cewa kisan ƙare dangi ne. A maƙabartar Potocari da ke kusa da garin an binne fiye da mutum 6,000, kuma kowace 11 ga Yuli ana sallar jana'izar waɗanda aka gano gawarwakinsu daga baya. Wurin ziyara ne da addu'a, kuma ina roƙon duk matashin da zai je ya ajiye ɗaukar hoton kansa a gefe. A Mostar za ku ga gadar dutse da aka gina a 1566, aka rusa ta da igwa a ranar 9 ga Nuwamba 1993, aka sake buɗe ta a 2004.

Abu biyu nake so ɗanku ya riƙe. Har yanzu akwai nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi a wasu dazuzzuka da tsaunuka, don haka ba a sauka daga hanyar da mutane ke bi, ba a kuma shiga kangon gida. Sannan izinin zama a Bosniya da bizar Shengen ke bayarwa kwana 30 ne cif, ku shirya fita kafin ya cika. Mutanen da za ku zauna da su kuwa, Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa, kusan kowa ya rasa wani nasa, don haka a bar su su fara buɗe zancen yaƙi da kansu.

Tambaya: Malam, gaskiya tsoro nake ji. Yaya ake ɗaukar baƙar fata a waɗannan ƙasashe?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan rufe ka ba. A ƙananan garuruwa za a kalle ka, yara za su bi ka, wasu za su nemi ɗaukar hoto da kai, kuma mafi yawan wannan mamaki ne, domin sau da yawa yana ƙarewa ne da gayyatar shan gahawa. A Belgrade aka yi taron farko na ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a 1961, ɗaliban Afirka da yawa sun yi karatu a tsohuwar Yugoslabiya, ƙasar da Sabiya da Bosniya da wasu maƙwabtansu suke cikinta kafin ta wargaje, kuma birnin yana da gidan adana kayan fasahar Afirka tun 1977. Ka dai kauce wa gungun magoya bayan ƙwallo a ranar wasa, musamman da dare.

Babbar matsalar tana wajen jami'an tsaro ne. Tun 2015 yankin ya zama hanyar masu neman shiga Tarayyar Turai ba tare da takardu ba, kuma ɗan sanda yana iya ɗaukar ka a matsayin ɗaya daga cikinsu. A ƙarshen 2019 wasu ɗalibai biyu 'yan Najeriya da suka je gasar ƙwallon tebur ta jami'o'i a Kuroshiya da bizarsu sun tsinci kansu a sansanin baƙin haure a Bosniya. Sun ce 'yan sanda ne suka kama su a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, lokacin da fasfonsu yana masauki, suka kai su daji suka tilasta musu ƙetarawa, hukumomin Kuroshiya kuma sun musanta. Saboda haka fasfonka da shaidar rajista da adireshin masauki da tikitin komawa gida su kasance a jikinka ko burodi za ka saya. Ka ƙetare iyaka a cikin bas ta babbar ƙofa, ka nisanci dazuzzukan iyakar Bosniya da Kuroshiya wajen Bihac, kuma kada ka karɓi saƙon kowa ka tsallaka da shi. Najeriya tana da ofisoshin jakadanci a Belgrade da Bukares da Atina, ka adana lambobinsu tun daga gida.

Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa, kuma idan guzuri ya yi ƙasa zan iya yin ɗan aiki a hanya? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki ba, kuma hukumomi suna iya ɗaukar ko aikin shara a masauki a madadin gado a matsayin aiki, hukuncinsa kuwa tara ne da kora da hana dawowa. Idan kuɗi ya kusa ƙarewa, ki gajarta tafiyar ki koma gida da fasfonki a tsaftace.

Lokaci mafi kyau shi ne daga Mayu zuwa Yuni, da kuma Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da farashi ya sauka kuma babu tsananin zafi ko sanyi. Hanyar dutse ta Valbona zuwa Theth takan buɗe ne daga wajen Yuni zuwa Oktoba, bayan ƙanƙara ta narke. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi yana sauka ƙasa da sifili a Sarajevo da Sofiya da Belgrade, hayaƙin itace da gawayin ɗumama gidaje kuma yana lulluɓe Sarajevo da Skopje, abin da mai asma ya kamata ta guje masa. Jakarki kada ta wuce wadda za ki iya hawa bene hawa huɗu da ita, ki sa takalmi mai ƙwari da rigar ruwa da rigar sanyi ɗaya mai kauri, da ƙaramin kwaɗo na kulle akwatin masauki. Idan kuma kika fara zazzaɓi a makonnin farko, ki gaya wa likita cewa daga yankin da ake fama da zazzaɓin cizon sauro kika fito, domin ba shi ne abin da likitocin can za su fara tunani ba.